Motar Sulke ta Gwangwani da Ƙurar Hanyar Jere

A Jere, kusa da mararrabar da hanyar Bwari ta rabu da babban titin Kaduna zuwa Abuja, na taɓa tsayawa shan shayi, sai ga wani yaro da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba yana jan mota da igiya. Da gwangwanin man girki ya yi jikinta, ya buge shi ya lanƙwasa gaban ya yi gangare. Tayoyi huɗu ya yanko daga tsohon silifas. A sama ya kife gwangwanin tumatir, ya soke shi da ƙusa a tsakiya don ya riƙa juyawa, ya cusa bututun biro a gefe ya zama bakin bindiga. Abin da ya tsayar da ni shi ne jar lakar da ya shafa mata daga tayoyi zuwa rabin jiki, ya bar saman da fentinsa.

Na ce, "Yaro, wace irin mota ce wannan?"

Ya ce, "Baba, ta soja ce, wadda harsashi ba ya hudawa."

Na ce, "To me ya sa ka ɓata ta da laka?"

Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Baba, ka taɓa ganin ta a wanke?"

Ƙera mota tsohuwar al'ada ce a wajen yaranmu. Da an gama girbin dawa, sai a ga yara sun tara kara, suna ɓare bayansa, suna yanka totuwar, suna soke ta da tsinke har a tashi motar kara. Daga baya waya da langa-langa da gwangwanin madara suka shigo, murfin kwalba ya zama taya. Ba a zuwa makaranta a koyi wannan, ƙane ne yake zama gefen yayansa yana miƙa masa ƙusa har hannunsa ya faɗa. Kuma abin da yaro yake ƙerawa shi ne abin da ya fi cika masa ido a hanya. A zamaninmu roka ce da tirela da a-kori-kura. Yaron Kafanchan, garin da ya tashi a kan mahaɗar layin dogo, jirgin ƙasa yake jerawa da gwangwanayen kifi. Wanda ya ga motocin da ke lodin citta a Kachia da Kwoi, sai ya yi wa tasa bodin katako da tsinken ashana.

Yanzu motar sulke ta shiga sahu, kuma duk wanda ya san yankin ya san dalili. Kudancin Kaduna ya ga soja a titi a rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011. Sai kuma shekarun masu garkuwa da mutane a hanyar Abuja, har zuwa harin da aka kai wa jirgin ƙasa a ranar 28 ga Maris, 2022, a layin nan da aka buɗe a 2016 wanda Jere ke da tasha a kansa. Yaron da ya girma yana wuce shingen bincike, yana ganin motar ƙarfe a girke a bakin kwalta, ita zai ƙera. Wannan abu yana sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma yaron bai yi laifi ba, ya dai faɗi gaskiyar abin da manya suka sa a gabansa.

Wannan da muke ɗauka wasan yara, a wasu ƙasashe sana'a ce mai kamfanoni da mujallu da gasa, kuma yawancin masu yin ta magidanta ne, wasu har da furfura. Kamfanin Airfix na Ingila da Tamiya na birnin Shizuoka a Japan suna sayar da tankokin yaƙi na roba a wargaje cikin kwali, mutum ya saya ya yanke guntayen, ya manne, ya yi fenti. Tun 1963 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyar IPMS a Birtaniya. Ma'aunin da ya fi karɓuwa shi ne 1/35, wato kowane abu a rage shi sau talatin da biyar. Tamiya ce ta yaɗa shi, ta soma a farkon shekarun 1960 da tankar Panther ta Jamus, kuma asalinsa ba wani zurfin lissafi ba ne, girman da zai ɗauki batir da ɗan injin da zai tuƙa ta aka nema. A wannan ma'auni, motar da ta kai mita 7 sai ta dawo santimita 20, soja mai tsayin mita 1.75 ya dawo santimita 5.

A nan ne bambanci na farko yake tsakaninsu da yaranmu. Yaro yana auna motarsa da ido, da kuma gwangwanin da Allah ya hore masa, shi ya sa sau da yawa za ka ga tayar ta yi wa jikin ƙanƙanta, ko bindigar ta kai tsawon motar biyu. Su kuwa waɗancan sai sun ƙirga ƙusoshin da ke jikin sulke. Amma a kan abin da ya fi muhimmanci, yaron Jere ya riga ya cim musu, domin a wajen ƙwararru haɗa motar shi ne mai sauƙi. Gwanintar tana wajen tsufar da ita, a sa mata alamun rana da ruwa da tafiya, har mai kallo ya yarda cewa ta yi aiki.

Hanyoyin yin haka an daɗe ana gyara su. François Verlinden na ƙasar Beljiyam da Sheperd Paine na Amurka su suka yi fice a shekarun 1970 da 1980. Dabarar zamaninsu ita ce a tsinka fenti mai duhu ya zama kamar ruwan shayi, a zuba shi ya gangara cikin ramuka da gefen ƙusoshi, ya ba da inuwa. Bayan ya bushe, a tsoma buroshi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan a shafa a kan gefuna don su fito. Daga baya Miguel Jiménez na Sifen da abokan tafiyarsa suka yaɗa amfani da garin launi, wanda ake barbaɗawa ya zama ƙura ko a kwaɓa ya zama laka. Akwai masu yayyafa gishiri a kan fentin ƙasa kafin su fesa na sama, idan ya bushe su kankare gishirin, sai fentin ya fito a ɓaɓɓalle kamar na motar da ta sha wuya. Bakin ƙofa da matakala, inda takalmi da hannu ke gogewa, da bakin fensir ake shafa su su yi ƙyallin ƙarfe.

Duk wannan ilimin kallo ne kafin ya zama na hannu. Dole mai ƙira ya san inda laka ke fantsama idan taya ta juya, da inda man gas ke zuba a gefen tanki, da yadda ruwan sama ke jan ƙura ƙasa ya bar layi-layi. A tsakaninsu ma ana cacar baki, domin wasu kan cika tsatsa har motar ta yi kama da wadda ta shekara ashirin a bola, alhali tankokin yaƙin duniya na biyu da yawa ba su yi tsawon ran da za su yi irin wannan tsatsa ba. Ni ina tare da masu cewa a bi gaskiya. Tankar Scorpion, wadda sojan Najeriya ya yi amfani da ita, jikinta na alminiyam ne, kuma alminiyam ba ya jar tsatsa. Wanda ya shafe jikinta da tsatsa ya yi ƙarya, komai kyan aikinsa.

Idan aka yi maganar gaskiyar ƙura kuwa, babu wanda zai koya wa ɗan wannan yanki. Motar da ta yi damina tsakanin Jere da Kagarko, jar laka ce take kama ta daga ƙasa, ta bushe ta yi ɓawo a bayan taya. Idan hunturu ya shigo, farar ƙura mai laushi ce take sauka daga sama, ta kwanta a kan rufi da gilashi, sai ka ga motar da launi biyu, ƙasa ja, sama fari-fari. Wadda ta dawo daga Borno dabam take, rairayi da zafin rana sun koɗe mata fenti. Kayan aikin ma ga su a tsakar gida: jar ƙasa, toka, gawayi, baƙin gindin tukunya, ruwan tsofaffin ƙusoshi, da ƙaro na riƙewa. Kuskuren da yaron nan ya yi ɗaya ne, ya shafa lakar yadda ya ɗebo ta. Ƙwayar yashi mai milimita 1, idan aka ɗora ta a motar da aka rage sau 35, ta zama dutse mai santimita 3 da rabi. Sai an daka ƙasar an tankaɗe ta da tsohon ɗankwali kafin ta zama ƙura a wannan ma'auni. Na nuna masa haka a tafin hannuna, ya kama nan take.

Kamfanonin waje sun fi ba da ƙarfi ga tankokin Jamus da Rasha da Amurka, ko da yake ana samun motocin sulke na Ferret da Saladin da Panhard, irin waɗanda sojan tarayya ya yi yaƙin basasa da su daga 1967 zuwa 1970. Namu kuwa suna nan suna jiran mai ƙera su. Akwai motocin sulken da 'yan Biyafara suka harhaɗa da hannu, waɗanda ke ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Akwai Igirigi da injiniyoyin soja suka fito da ita a 2012, da Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a watan Disamba 2019, wadda kamfanin ƙera makamai na DICON ke da hannu a yin ta. Wanda zai yi waɗannan sai ya fara daga farantin gwangwani ko roba, ya auna daga hoto, ya yanka da kansa. A wajen Turawa wannan shi ne matakin ƙoli na sana'ar, mu kuma daga nan yaranmu suke farawa.

Na san akwai iyayen da ke fasa irin wannan mota idan sun gani, suna tsoron kada ta sa wa yaro son bindiga. Tsoron yana da tushe a yankin da ya binne mutane da yawa, kuma ban raina shi ba. Sai dai na lura cewa yaron da ya zauna yini guda yana lanƙwasa gwangwani, hankalinsa yana kan yadda hasumiyar da ke saman motar za ta juya ba tare da ta faɗi ba. Irin wannan hannu shi ne yake cika kasuwar Panteka a Kaduna. Kuma ƙasar nan ta daɗe da sanin masu ƙira: a kusa da Kafanchan aka tsinci kan mutum-mutumin nan na Jama'a da ya kai ga masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943, har duniya ta san fasahar Nok, aikin mutanen da suka zura wa kitso da tsakiya ido suka fitar da su a yumɓu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.

Abin da ya rage wa yaran nan bai taka kara ya karya ba: rula, da wanda zai nuna musu yadda ake raba tsawo da 35. Malaman lissafi da na fasaha a makarantun Jere da Kagarko da Kafanchan, ku sa ɗalibai su auna motar gaske, ko da a-kori-kurar kasuwa ce, su rage ta, su ƙera, su tsufar da ita da ƙasar garinsu, a baje kolin a ranar rufe makaranta. Iyaye kuma, idan kun ga motar a tsakar gida, ku ɗauka ku duba aikin da aka yi mata kafin ku yanke hukunci.