Bakan Gizo: Gwanintar Maginan Soro

Ba mu gaji wani ɗaki na musamman don kiɗa ba a ƙasar Hausa. Makaɗan fada irin su Salihu Jankiɗi, a ƙofar fadar Sarkin Musulmi da zaurukanta suka buga taushinsu. Saboda haka mai son ganin inda murya da gini suka haɗu a Sakkwato, sai ya dubi soro.

A 1824 Baturen nan Kilafatan ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a wani soro mai kusurwa huɗu. Rufinsa tulluwa ce, bakuna 8 ke ɗauke da ita, da farantin tagulla yana walƙiya a tsakiya. A lokacin, shekara 15 kacal da kafa birnin Sakkwato. Ya kuma iske wani magini Bazazzagi yana gina wa Waziri Giɗaɗo masallaci.

Gwanintar tana cikin azara. Daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cin ta, amma fa gajeriya ce: in tazara ta wuce kamar mita 2, nauyin ƙasa sai ya lanƙwasa ta. To yaya za a rufe babban zaure ba ginshiƙi a tsakiya? Magini sai ya dasa azarori a cikin bangon tubali, ya ɗaure wasu a kansu da igiya suna ɗan leƙowa ciki, ya laɓe da ƙasar da ta kwana da ciyawa har ta ruɓa. Sai ya dakata ta sha iska. Mai gaggawa ba ya wannan aiki. Haka zai riƙa ƙarawa daga bangon nan da wancan, kowane ɓangare yana sunkuyowa, har su sadu a sama. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna kuwa, an sami ɗaurin guga. Duk wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarim, ya ga iyakar abin.

A ganina kunne ma yana cin moriya. Bangon ƙasa mai kauri ba ya mayar da sauti da kaifi irin na siminti da kwano, don haka 'yan amshi ba sa danne uban kiɗi.

Sai dai ginin yana son kulawa. Kafin kowace damina a sabunta yaɓe, a shafe rufi da makuba ta kwasfar ɗorawa, a share indararo, don ruwan da ya kwana a kan soro shi ke ruɓar da azara.