Gishiri a Miya: Shaidar Mai Bi a Cikin Jiki Magayi

Gabatarwa

Duk ɗalibin adabin Hausa ya san littattafan ƙagaggun labarai biyar da suka fito daga Zariya bayan gasar da Dakta Rupert East ya shirya a 1933, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi, mai ɗauke da sunayen mutum biyu, John Tafida Wusasa da shi East ɗin. Abin da ba kasafai manazarta kan tsaya a kansa ba shi ne, John Tafida Kirista ne, ɗan al'ummar nan ta mishan ɗin CMS da Dakta Walter Miller ya kafa a birnin Zariya a 1905, wadda ta koma Wusasa a 1929. Manufar wannan maƙala ita ce mu duba yadda mai bi ya rubuta labarin maƙwabtansa Musulmi, mu ga darasin da ke ciki ga matasan marubutanmu masu son alƙalaminsu ya zama shaidar bangaskiyarsu.

Labarin a Taƙaice

Abubakar saurayi ne mai son Zainab, ita ma tana son sa. Sai Malam Shehu, attajiri mai mata amma marar haihuwa, ya shiga tsakani, ya aure ta da ƙarfin dukiya da taimakon tsibbu. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya sha baƙar wuya kafin ya samu. Da ya komo, sai ya sauke asirin a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu. Yaro ya tashi ɓarawo, ya haɗu da Dogon Yaro suka shiga yawon sata, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba tare da ya san ko wane ne ba.

Abin da Littafin Ya Bari

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne, babu majami'a a labarin, babu mai bishara, babu kuma tauraron da ya sauya addini a shafin ƙarshe. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, 'yan shekaru kaɗan kafin Jiki Magayi, saboda haka kalmomin wa'azi suna nan a hannun marubucin da ya so amfani da su. Wani zai ce ai hukuma ce ta buga littafin domin makarantun Arewa, ba za ta yarda da wa'azi a ciki ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai hukuma tana iya hana marubuci wa'azi, amma ba ta iya cusa masa adalci ga taurarinsa, kuma adalcin nan shi ne ya fi jan hankalinmu.

Malam Shehu ya yi zalunci, amma an nuna mana abin da ya tunzura shi, wato ƙishin haihuwa, wanda kowane Bahaushe ya san zafinsa. Abubakar ya aikata mummunan aiki, amma mun riga mun tausaya masa tun ranar da aka raba shi da Zainab. Ba a jingina laifin kowa ga addininsa ba, an jingina shi ne ga son zuciya da ƙullatar juna, cututtukan da ba su tambayar mutum inda yake ibada. A ganinmu wannan ita ce shaida ta farko: mai bi ya faɗi gaskiya a kan maƙwabcinsa, ko da a cikin ƙagaggen labari ne.

Jigon Ramuwa

Babban jigon littafin shi ne ramuwar gayya da abin da take haifarwa. Abubakar ya ƙarar da ƙuruciyarsa a yawo, bai kuwa sami Zainab ba. Zainab ɗin da ya ce yana so ita ta fi kowa shan baƙin ciki, domin ɗanta ya lalace, mijinta ya halaka. Mai bi zai tuna cewa babi na 12 na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya hori masu bi su bar wa Allah sakayya. Musulmi zai tuna yadda Alƙur'ani ya yabi mai afuwa da masu haɗiye fushi. Bahaushe kuma tun kaka da kakanni yake cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ba ma cewa wannan jigo mallakar Kiristanci ne shi kaɗai, balle ga shi littafin na mutum biyu ne. Abin da muke cewa shi ne, an zaɓi gaskiyar da marubuci ya yi imani da ita, wadda kuma mai karatunsa ba zai ƙi ba, aka bar labari ya tabbatar da ita da kansa. Sunan littafin ma haka yake nunawa: wanda bai ji da kunne ba, jikinsa zai gaya masa.

A babi na 5 na Bisharar Matiyu, Yesu Almasihu ya kwatanta mabiyansa da gishiri da kuma fitila. Kowace uwargida ta san ba a ganin gishiri a miya, ɗanɗanonsa ake ji, in kuwa ya yi yawa sai a ture kwanon. Sau da yawa gajerun labaran matasan marubuta masu bi kan faɗa wannan rami. Za ka tarar tauraro ba ya kuskure, abokin adawarsa ba ya alheri, sannan a rufe da dogon wa'azi. Irin wannan rubutu ba ya wuce ƙofar majami'a, alhali shaida a kasuwa da ɗakin kwanan ɗalibai da wurin aiki ake bukatar ta.

Raunin Littafin

Duk da haka, littafin bai kuɓuta daga aibi ba. Na farko, asiri ne ya mai da Kyauta ɓarawo, ba zaɓinsa ba. Wannan ya raunana darasin, domin addinan nan biyu duk sun tsaya a kan cewa mutum zai amsa tambaya a kan abin da ya aikata da ganin damarsa. In asiri ne ya yi sata, wa za a tuhuma? Na biyu, Zainab ta zama kamar kayan da maza biyu ke jayayya a kai, ba a ba mu damar shiga zuciyarta yadda aka shigar da mu ta Abubakar ba. Na uku, littafin ya nuna mana sharrin ramuwa filla-filla, amma bai ba afuwa irin wannan fili ba. Mun ga abin da ya kamata a guje wa, ba mu ga yadda wanda aka zalunta zai ci gaba da zama gari ɗaya da azzaluminsa cikin mutunci ba, alhali nan ne shaidar mai bi ta fi wuya.

Kammalawa

Ƙasarmu ta sha ganin yadda ramuwa ke cin rayuka da sunan addini, kamar a Kafanchan a 1987, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001. Mu da muke karatu da koyar da Hausa nesa da gida, Musulmi da Kirista a aji ɗaya, muna da damar rubuta labarin da Jiki Magayi ya bari ba a rubuta ba, wato na mutumin da aka cuta, ya sami halin ramawa, ya kuma janye hannunsa. Wanda zai rubuta shi sai ya fara koyon abin da John Tafida da abokin aikinsa suka iya: ya san maƙwabcinsa sosai, ya kwatanta shi da adalci, sannan ya bar mai karatu ya yanke hukunci.