Ɗan Sanda a Fagen Tarihi: Tarken Littafin Josephine Tey Kan Sarki Richard na Uku

Gabatarwa

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai na Turawa akwai wanda ake kira labarin bin diddigi, watau labarin da ake buɗewa da aikata wani laifi, galibi kisan kai, sa'an nan a rufe shi da tona asirin wanda ya aikata. Masana sukan danganta farkonsa ga Edgar Allan Poe na Amurka a 1841, kuma ya bunƙasa a hannun Arthur Conan Doyle da Agatha Christie a Ingila. Wannan maƙala za ta dubi littafi guda daga wannan reshe, The Daughter of Time, wanda Josephine Tey ta wallafa a 1951. Sunan marubuciyar na yanka Elizabeth MacKintosh, mutuniyar Inverness ta ƙasar Sikotlan, ta kuwa rasu a 1952. Abin da ya bambanta littafin da takwarorinsa shi ne laifin da ake bincike a cikinsa ya faru da gaske, shekara ɗari huɗu da sittin da wani abu kafin a rubuta shi. Tambayar ita ce: me ke samun tarihi idan aka zuba shi a cikin tukunyar labarin bin diddigi?

Laifin da Ake Magana

Sarkin Ingila Edward na Huɗu ya rasu a watan Afrilu na 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu, Edward mai shekara 12 da Richard mai shekara 9. Aka ɗora baffansu Richard a kan riƙon ƙasa, aka sauki yaran a Hasumiyar Landan, wadda a zamanin nan gidan sarauta ce kuma kurkuku. Ba a jima ba aka shelanta cewa auren iyayensu bai halatta ba, saboda haka ba su da gadon sarauta. Ran 6 ga Yuli aka naɗa baffan nasu Sarki Richard na Uku. Daga ƙarshen wannan shekara ba a sake ganin yaran ba. A 1485 mayaƙan Henry Tudor suka kashe Richard a yaƙin Bosworth, shi kuwa ya hau gado da sunan Henry na Bakwai. Daga baya Thomas More ya rubuta tarihin da ya ɗora wa Richard kisan yaran, Shakespeare kuma ya mai da shi azzalumi mai ƙusumbi a wasan kwaikwayonsa. Da wannan kama yawancin mutanen Ingila suka san shi.

Zubi da Warwarar Jigo

Tauraron littafin shi ne Sufeto Alan Grant, ɗan sandan ciki, wanda ke kwance a asibiti da karayar ƙafa, zaman banza ya ishe shi. Wata abokiyarsa 'yar wasan kwaikwayo ta kawo masa hotunan mutanen da, don ya rage lokaci. Ya dubi wani hoto ya ɗauka na alƙali ne mai tsoron zalunci, da ya juya bayansa sai ya ga ashe Richard na Uku ne. Daga nan bincike ya tashi. Wani saurayi Ba'amurke, Brent Carradine, shi ke zuwa ɗakin karatu yana kwaso masa bayanai, shi kuwa yana auna su da ma'aunin ɗan sanda.

Dole a yaba wa Tey kan gwanintar zubi. Labarin kusan gaba ɗaya a ɗaki guda yake, ba gudu ba harbi, amma mai karatu ba ya ƙosawa, domin kowane littafi da aka kawo wa Grant tamkar shaida ne aka shigo da shi gaban shari'a. Hujjojinsa kuma masu nauyi ne. Na farko, More yana ɗan shekara biyar lokacin da abin ya faru, ya kuma yi zaman yaranta a gidan John Morton, babban abokin gaban Richard, watau shaidarsa ta ji ce, ba ta gani ba. Na biyu, mahaifiyar yaran ta fito daga mafakar coci a 1484 ta miƙa 'ya'yanta mata ga fadar Richard, abin da ke da wuyar fahimta in ta tabbata shi ya kashe mata 'ya'ya. Na uku, Henry ya soke dokar da ta haramta wa yaran gado don ya auri yayarsu, da haka kuwa ya mayar musu da haƙƙin da ya fi nasa ƙarfi. Bisa ga tambayar da 'yan sanda suka saba yi, wa ya amfana, Grant ya yanke cewa Henry ne ya sa aka kashe su.

Inda Ƙa'idar Labari ta Rinjayi Tarihi

A nan ne tarke ya kamata ya tsaya ya yi duba na tsanaki. Labarin bin diddigi yana da al'adu da mai karatu ke jira. Wanda kowa ke zargi a farko yakan fita ba laifi. Mai laifi yakan zama wanda ba a zata ba. Tilas kuma a rufe littafi da amsa guda tabbatacciya. A ƙagaggen laifi wannan ba ya cutar da kowa, domin marubuci shi ya halicci laifin da alamunsa, ba wata shaida a wajen littafinsa. A tarihi kuwa shaidu sun riga marubuci zuwa, wasu sun ɓace, wasu suna karo da juna. Duk wanda ya nemi amsa guda daga gare su sai ya zaɓi wasu ya bar wasu. Abin da Tey ta yi ke nan, kuma ana iya nuna shi ta hanya uku.

Ta farko ita ce hoton. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a kan irin wannan tunani Grant ya kafa shakkarsa. Sai dai hoton da ya duba an zana shi ne shekaru da yawa bayan mutuwar Richard, kwafi ne daga wani da ya gabace shi. Ke nan ya ƙi shaidar More don ta ji ce, ya karɓi shaidar mai zane wanda shi ma bai taɓa ganin sarkin ba.

Ta biyu ita ce shaidar da ba a kira ba. Wani Ba'italiye, Dominic Mancini, yana Landan a 1483, ya bar ƙasar a watan Yuli, ya rubuta abin da ya gani kafin shekarar ta ƙare. Ya faɗi cewa an janye yaran zuwa ɗakunan ciki, ganinsu ya yi ta raguwa har ya yanke, kuma tun a lokacin mutane na zargin an hallaka babban. An gano rubutunsa a birnin Lille na Faransa a 1934, aka buga shi a 1936, shekara 15 kafin littafin Tey. Grant bai ambace shi ba, alhali wannan shi ne irin shaidar da yake cewa yana nema: mutumin zamanin, wanda ya rubuta tun kafin gidan Tudor ya hau mulki. Haka nan a Janairun 1484 wani babban jami'in Faransa ya zargi Richard da kisan a gaban majalisar ƙasarsu. Wannan Tey ta kawo shi, amma ta mayar da shi ga makircin Morton, kamar yadda take mayar da kusan duk abin da ya saɓa mata.

Ta uku ita ce batun dalili. Grant na ganin Richard ba shi da bukatar kashe yaran tunda doka ta riga ta kawar da su. Tarihin Ingila bai goyi bayan wannan ba. Edward na Biyu da Richard na Biyu da Henry na Shida duk an tuɓe su, duk kuma sun mutu a tsare ba da daɗewa ba, domin tuɓaɓɓen sarki muddin yana raye tuta ce ga masu tawaye. Daɗin daɗawa, tawayen da ya tashi a ƙarshen 1483 ya koma goyon bayan Henry ne bayan da jita-jitar mutuwar yaran ta bazu. Da Richard ya fito da su a bainar jama'a da ya kashe maganar, amma bai yi ba har ya mutu.

Ya kamata a ƙara da cewa ra'ayin ba sabo ba ne. Horace Walpole ya yi shakkar labarin More a 1768, Clements Markham kuma ya zargi Henry a 1906. Ita kanta Tey ta yarda da haka a ƙarshen littafin. Gudummawarta ita ce ta fitar da gardamar daga hannun masana ta kai ta ga jama'a.

Kammalawa

Tasirin littafin ba ƙarami ba ne. A 1990 ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya ta sa shi na ɗaya cikin littattafai 100 mafi kyau a wannan fanni, ya kuma ƙara wa masu neman wanke Richard yawa. A 2012 aka tono ƙasusuwan sarkin a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a Leicester, aka sake binne su a babban cocin garin a 2015. Binciken ya nuna ƙashin bayansa a karkace yake, amma ba shi da shanyayyen hannun da aka laƙaba masa. Game da yaran kuwa bai ce kome ba. Ƙasusuwan yara biyu da aka samu a Hasumiyar a 1674 suna ajiye a cocin Westminster, an duba su a 1933, amma dubawar ba ta kashe gardamar ko na wane ne ba.

Saboda haka darajar littafin tana ga tambayoyin da yake koyarwa: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, a ina ya ji, me zai samu. Malamin da ya ba ɗalibansa shi ya yi daidai, da sharaɗin kada ya bar su su tsaya inda Grant ya tsaya. Sai ya haɗa musu da rubutun Mancini, ya sa su yi wa Tey tambayoyin nan huɗu da ta yi wa More.