Shekarar Tehching Hsieh a Ma'aunin Niyya

Daga 11 ga Afrilu 1980 zuwa 11 ga Afrilu 1981, Tehching Hsieh, ɗan asalin Taiwan mazaunin New York, ya wajabta wa kansa buga katin halartar aiki a na'ura kowace awa, dare da rana, yana ɗaukar hotonsa kowane karo. Cikin bugu 8,760, 133 kaɗai suka kuɓuce masa. Masharhanta suna yaba masa da cewa ya kawar da shamakin da ke tsakanin rayuwa da fasaha.

Ba na musun ƙarfin aikin. Ya aske kansa tun farko, don haka mai bin hotunan yana ganin shekara tana ƙarewa a tsiron gashinsa, wa'azin da haziƙin mai huɗuba ma zai yi sha'awarsa.

Sai dai kawar da shamakin ba baƙo ba ne gare mu. Fuƙaha'u sun tabbatar cewa niyya ke mayar da al'ada ibada, har barci da ci su zamo abin lada. Inda muka rabu da Hsieh shi ne ya mayar da wahalar kanta manufa. A Sahihul Bukhari, Abu Isra'ila ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama, ba inuwa, ba magana, yana azumi. Annabi (SAW) ya umarce shi da ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azumin: aka tabbatar da ibadar, aka zubar da azabtar da kai. Shi kuwa Hsieh, a aikinsa na gaba, inuwar rufi ya haramta wa kansa shekara guda.