Rahoton Baƙo a Kan Fitinar Ƙasar Yawuri

Malaman hadisi na dā, Allah Ya jiƙan su, ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun bambance wanda ya gani da wanda aka gaya wa. Amma akwai wani nau'in rubutu da ya daɗe yana yawo a duniya game da fitinun ƙasashenmu, wato rahoton baƙo, wanda mataninsa faɗi gare shi, isnadinsa kuwa galibi bai wuce tafinta guda ba.

Yawuri ta ɗanɗana wannan tun da wuri. Sa'ad da Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a ruwan Busa a 1806, hujjar da Ingila ta riƙe ita ce bayanin jagoransa Amadi Fatuma, wanda ya rabu da shi a Yawuri kafin abin ya auku, kuma da wannan shaidar ji aka ɗora wa Sarkin Yawuri alhakin tura mayaƙa.

Babban aibin rahoton baƙo shi ne ba ya zaunuwa sai ya kasa jama'a gida biyu, ƙabila da ƙabila ko addini da addini, alhali wanda ya shiga kasuwar Warra ya ga Bakambare da dawarsa, da Bagunge da albasarsa, da Basarke da bandar kifinsa, da Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, duk suna ciniki da Hausa, ya kuma san cewa dam ɗin Kainji ya tashi mutane kimanin 44,000 a 1968 ya sake cakuɗa su a sababbin matsugunai, lalle zai rasa inda zai ja layin nan. Da 'yan bindiga suka auka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri ran 17 ga Yuni 2021, ɗalibai Musulmi da Kirista suka kora daji, fansa suka nema, kuma sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo. Duk da haka a ƙarshen 2025 shugaban Amurka, Donald Trump, ya siffanta bala'in Nijeriya da kisan Kirista zalla. Ba a yi wata guda ba aka sace ɗalibai mata a Maga, nan jihar Kebbi, galibinsu Musulmi. Haƙiƙa an ƙona majami'u, an kashe masu ibada a cikinsu, musun wannan zalunci ne. Sai dai rabin shaida, ko da gaskiya ne, alƙali ba ya gina hukunci a kansa.

A Ruwanda kuskuren ya zo ta ɗaya fuskar. A 1994, yayin da ake karkashe Tutsi bisa shiri da jerin sunaye, har rayuka kimanin 800,000 suka salwanta cikin kwana 100, jaridun waje suka yi ta kiran abin tsohuwar gabar ƙabilu, Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta yanke shawarar rage dakarunta zuwa 270.

Abin da baƙi suka makara wajen saurara a can shi ne gidan rediyon RTLM, mai kiran maƙwabta kyankyasai da harshen gida. Namu kwatankwacinsa yana cikin saƙonnin murya na WhatsApp, inda ake jingina laifin 'yan bindiga ga kowane Bafulatani, har 'yan sa-kai su tare makiyayi a hanyar kasuwa ba tambaya. Irin wannan kuwa da Hausa ake yinsa, ba kasafai yake isa teburin editan Landan ba.