Yadda Ake Saita Igwa

A Kakuri, kudu da kogin Kaduna, a unguwar da aka sani da masaƙu, akwai barikin sojojin igwa mai suna Kalapanzin. Sunan wani kogi ne a yankin Arakan na ƙasar Burma, inda runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma ta ratsa a ƙarshen 1944 tana gwabzawa da Japanawa. Da yawa daga cikin waɗancan mazaje 'yan Arewa ne. A dazuzzukan can da mota ba ta shiga, kwance ƙananan bindigogin igwa ake yi, a rarraba wa masu ɗauka su ɗora a ka, in an isa a sake harhaɗawa. Wannan sana'a ce aka gada, kuma ita ake koyo kullum a bayan katangar barikin.

Abin da ya fi ba ni mamaki a cikinta shi ne, mai harba igwa galibi ba ya ganin abin da yake harbi. Mai riƙe da ƙaramar bindiga ya ga abu ne ya auna. Mai igwa kuwa tsakaninsa da inda harsashinsa zai sauka akwai tudu da daji da tafiyar kilomita masu yawa. Igwa mai bakin milimita 105, irin ƙirar Italiya da sojojin Najeriya suka daɗe da ita, tana jefa harsashi mai nauyin kusan kilo 15 zuwa nisan kilomita 10. To, ta yaya mutum zai sami abin da bai gani ba?

An raba aikin ne tsakanin ido da kai da hannu. Idon shi ne hafsan da ke can gaba, a laɓe a kan tudu, da madubin hangen nesa da kamfas da taswira. Shi ke ganin wurin, ya karanto lambobinsa a taswira, ya aiko ta oba-oba. Kan kuwa ɗan tanti ne ko bayan mota a kusa da bindigogin, inda masu lissafi ke zaune. Sun san inda igwa take, an gaya musu inda ake so harsashi ya faɗa, sai su fitar da abu uku: ina za a juya bakin, yaya za a ɗaga shi, kuma albarushi nawa za a sa.

A nan ne ilimin yake a ɓoye. A makaranta an koya mana da'ira tana da digiri 360. Wannan awo ya yi wa mai igwa girma, don haka sai aka yanka da'irar gida 6400, kowane gida ana ce masa mil. Mil ɗaya yana karkatar da harsashi kusan mita ɗaya a kowace kilomita. Ke nan in mai saiti ya yi kuskuren mil 10, abin da ido da ƙyar zai lura da shi a jikin ma'auni, harsashin da aka aika kilomita 10 zai kauce da wajen mita 100. A fagen daga mita 100 kan iya zama tazarar da ke tsakanin abokin gaba da 'yan uwanka, ko tsakanin maɓoyar ɗan bindiga da gidan bayin Allah. Ga kuma iska. Harsashin da zai yi dogon zango yakan wuce daƙiƙa 30 a sama, iska na tura shi tun daga tashi har sauka. Sanyin hunturu da zafin bazara ba ɗaya suke tafiyar da shi ba. Albarushin da ya sha rana ya fi wanda ya kwana a inuwa ƙarfin turi. Bakin igwar da ya sha harbi shekara da shekaru ya ɗan zaizaye ta ciki, ƙarfinsa ya ragu. Duk waɗannan suna da gyaran da ake yi musu a cikin littafin jadawalin harbi. Yau kwamfuta na taimakawa, amma har yanzu ana koya wa soja yin lissafin da fensir, don batir kan mutu.

Sai hannu, wato mutum 6 ko 7 da ke kewaye da igwar, kowa da lambarsa da wurin tsayuwarsa. Da mota ta ja ta zuwa wurin, sai a kwance ta, a buɗe ƙafafunta biyu na baya, a kafe shebur ɗin ƙarfen da ke ƙarshen kowace ƙafa cikin ƙasa. In ba a kafe shi da kyau ba, harbi ɗaya zai ja igwar baya, saitin duka ya rushe. Daga nan wani ya ruga ya kafa sanduna biyu masu zane, ɗaya kusa ɗaya nesa, a kan layi guda. Waɗannan sanduna su ne abin da mai saiti yake kallo. Yakan murza lambar da aka ba shi a jikin madubin saiti, sannan ya juya bakin igwar a hankali har sandunan su daidaita a cikin madubin. Sai ya koma kan ɗagawa, yana murza hannu yana duban wata 'yar kumfa a cikin gilashi, irin wadda magina ke gwada gini da ita, har ta tsaya cak a tsakiya. Gwani yana ƙarasa murzawar ta fuska ɗaya a kowane harbi, saboda ɗan lakon da ke tsakanin haƙoran ƙarfe kada ya shiga cikin awo. Wannan ɗan abu kaɗai ya isa a gane wanda ya iya.

A gefe guda masu harsashi na nasu aikin. Ɗaya ya ɗaura fiyus a kan harsashi, wato na'urar da ke sa shi ya fashe ko da taɓa ƙasa ko tun yana sama. Wani ya buɗe kwankon tagulla mai ɗauke da ƙananan jakunkunan albarushi guda 7. In an ce huɗu ake so, ya cire uku, ya ɗaga su sama shugaban igwar ya gani da idonsa. Shugaban nan, wanda galibi saje ne, duk umarnin da aka ba shi sai ya maimaita da ƙarfi, don in kunne ya yi kuskure a kama shi tun harsashi yana hannu. A cusa harsashi, a rufe gindi, kowa ya kauce daga bayan, domin bakin yana zabura baya da ƙarfin da zai iya karya mutum kafin mai da ke cikin silinda ya tare shi, sannan ya koma mazauninsa. Sannan a jira umarni.

Harbin farko ba lallai ya samu ba. Idon da ke gaba ya ga inda ƙura ta tashi, ya ce a ƙara ko a rage, a yi dama ko hagu. Ya sa ɗaya ya wuce, ɗaya ya gaza, yana raba tazarar biyu har a matse wurin. In kuwa aka ja igwa ta ƙi tashi, ba mai gaggawar buɗe ta. Akwai lokacin jira da aka ƙayyade, don wani albarushin yakan yi nawar kamawa.

Ba a cikin Kakuri ake harbin gaske ba. Wannan sai an fita rawar daji, kamar a Kachia inda makarantar koyon aikin igwa take. Abin da ake yi a bariki maimaici ne da hannu wofi: a buɗe ƙafafu, a kafa sanda, a saita, a naɗe, a sake, samanja na tsaye da agogo. Bayan nan a goge cikin bakin da doguwar sanda mai buroshi, a shafa mai, a duba madubi kada ƙurar hunturu ta shige shi. Lokacin da wasunmu ke majalisa ana neman abin da za a kashe hantsi da shi, wani kofur ya murza hannun nan har tafinsa ya yi kanta.

Mu fararen hula ba mu cika haɗuwa da su ba sai ranar biki, kamar rantsar da shugaban ƙasa, inda ake harba igwa sau 21. Ba harsashi a ciki, albarushi ne zalla, amma akwai mai ƙidaya da mai duba agogo, don tazarar kowane harbi ta zo daidai da ta 'yar uwarta, kuma in wata igwa ta ƙi, ta kusa da ita ta cike gurbin ba tare da 'yan kallo sun ankara ba.

Duk yaron da ke tsayawa bakin titi yana kallon motar soja ta ja igwa, yana cewa shi ma wata rana, iyayensa su matsa masa a kan darasin lissafi tun yana firamare.