Kunnen Gita da Kukan Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin biki a Agadas, ko Tawa, ko wata unguwa ta Yamai, ya san ƙarar nan da ke riga kiɗa fitowa. Da zarar an tada injin kuran, aka jona gita da ampili, sai wani gurnani ya cika wurin tun makaɗi bai taɓa tsirkiya ba. Samarin makaɗa kan ɗora laifin a kan ɗan abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda suke kira mikoro, wanda kuma ya cancanci a kira shi kunnen gita. Daga nan buri yake farawa: a cire kunnen da gita ta zo da shi, a ɗaura wani na waje, irin wanda masu talla ke alkawarin zai ba da amon kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970, amon su Jimi Hendrix da Jimmy Page.

Batun ya shafi malaman lakwal da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, domin su ne ke sayen kayan kiɗa na gidajen matasa, su ne kuma ke zama alƙalai a wurin gasa. Kunne ɗaya mai suna yana kaiwa dolar Amurka 100, wato sama da jika 50 na sefa, kuɗin da ya zarce mafi ƙarancin albashin wata a Nijar. Kafin a zuba irin wannan kuɗi, ya dace a san abin da ake saye da abin da ba ya sayuwa.

Yadda kunnen yake ji

Kunnen gita abu biyu ne a haɗe: maganaɗisu, da waya ta jan ƙarfe mai sirantar gashin kai, wadda aka naɗa masa sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, motsin kuma ya haifar da ɗan kuran a cikin wayar. Wannan kuran ne ampili ke ƙarfafawa har lasifika ta mai da shi amo. Kunnen bai san iska ba, ƙarfe kawai ya sani. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta yi masa magana. George Beauchamp ne ya fara fito da irinsa kasuwa a Amurka, a gitar Rickenbacker ta shekarar 1932.

Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne mai naɗi ɗaya, irin na Telecaster da Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954 da kunnuwa uku. Naɗinsa ya kai wajen 8,000, amonsa kuwa tas yake, mai kaifi, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Aibinsa shi ne yana kwasar gurnanin kuran da ke kewaye da shi, wanda a Nijar yake kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Na biyu shi ne mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a 1955, aka fara sa shi a gitar Les Paul a 1957. An juya naɗi ɗaya baya, an kuma juya fuskar maganaɗisunsa, don haka gurnanin da ya shiga ɗaya sai ɗayan ya kashe shi, amon tsirkiya kuwa ya ninka. Abin da ake samu shi ne amo mai kauri da ƙarfi, abin da ake rasawa kuwa wani ɓangare ne na kaifi. Ƙa'idar ba ta canzawa: ƙarin naɗi, ƙarin ƙarfi, ragin kaifi. Kowane kunne da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓewa.

Amon da ake fataucinsa

Kasuwar canjin kunne ta buɗe ne a 1972, lokacin da Larry DiMarzio ya fitar da Super Distortion, sannan Seymour Duncan ya kafa nasa kamfanin a 1976. Yau babban abin da wannan kasuwa ke sayarwa shi ne jiya. Ana kwaikwayon kunnuwan Gibson na 1957 zuwa farkon shekarun 1960, ana auna wayarsu da maganaɗisunsu kamar mai auna zinariya. Abin lura shi ne waɗannan tsofaffin kunnuwa ba su taɓa zama iri ɗaya ba. Injinan naɗi na lokacin ba su tsayawa a adadi guda, maganaɗisun kuma wanda ya samu a rumbun masana'anta shi ake sawa. Gitar Les Paul ta 1958 zuwa 1960, wadda a yau ake saye da kuɗin gida, ba ta karɓu ba a zamaninta har aka daina ƙera ta. Sai da Eric Clapton ya haɗa ta da ampilin Marshall ya murɗa shi har ƙarshe, a faifansa da John Mayall na 1966, sannan duniya ta waiwaye ta.

Idan aka bi tarihin wannan amo daki-daki, za a tarar da kuskure da rashi a kusan kowace kwana. Dave Davies na ƙungiyar The Kinks reza ya sa ya yanka lasifikarsa a 1964 don ya samu ƙugi. Hendrix bahago ne da ya kifar da gitar badama ya sake jera tsirkiyoyinta, sai kunnen ƙasa ya karkace ta wajen da maƙeri bai nufa ba. Gitar Peter Green ta 1959 tana da maganaɗisun da ya juya baya, abin da ya ba ta wata murya ta hanci, yau kuma kamfanin Gibson yana ƙera irinta tare da kuskuren, yana sayarwa da tsada. Brian May da mahaifinsa suka sassaƙa gitarsa a gida da katakon wani tsohon murhu, da kwabo kuma yake kaɗa ta. Mafi ban mamaki shi ne Jimmy Page, wanda dominsa dubban mutane ke sayen kunne mai naɗi biyu: faifan Led Zeppelin na farko, na 1969, kusan duka da Telecaster mai naɗi ɗaya ya yi shi, haka ma sanannen sakin hannunsa a waƙar Stairway to Heaven ta 1971.

Ke nan mutanen da ake son a kwaikwaya ba kowa suke kwaikwayo ba a wajen kayan aiki. Abin da ke hannunsu suka matsa wa lamba har ya yi magana. Wanda ya sayi kunnensu ya samu ɗan yanki na sirrin, sauran kuma yana cikin ampili mai fitilu da aka ƙure, da ɗakin ɗaukar amo, da yatsu.

Daga Abalak zuwa dandalin duniya

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Nijar. Kiɗan gita na Abzinawa, wanda ƙungiyar Tinariwen ta raina a gudun hijira tsakanin Aljeriya da Libiya, ya shigo ƙasar ta hannun irin su marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda kaset ɗinsa suka riƙa yawo a ɓoye a lokacin tawayen shekarun 1990, kafin yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995. Amon wannan kiɗa mai tsabta ne. Babban yatsa yana riƙe tsirkiya guda tana ta maimaita kanta, sauran yatsu suna zuba ƙananan amo da sauri, kamar yadda ake kaɗa molo ko gurmi. Irin wannan hannu yana buƙatar kunnen da zai rarrabe amo ɗaya da ɗaya. Shi ya sa mai naɗi ɗaya ya zauna daidai a Sahara, shi ya sa kuma kaset ɗin Dire Straits suka samu masoya a can, tun da Mark Knopfler shi ma da yatsu yake kaɗa Stratocaster. Idan aka ɗaura wa irin wannan makaɗi kunne mai yawan naƊi, sai ƙananan amon su cakuɗe, ado ya koma dunƙule.

Makaɗa biyu na wannan zamani sun isa misali. Bombino, wato Omara Moctar, ya yi faifansa Agadez a 2011, sannan ya tafi Nashville ta Amurka ya yi Nomad a 2013 a ƙarƙashin Dan Auerbach. Nomad ya buɗe masa ƙofofin duniya, kuma babu mai musun daɗinsa. Sai dai mai sauraro da ya jera faifan biyu zai ji an yafa wa gitar wani bargo na ƙugi da molon Turawa da sauran kayan ɗakin ɗaukar amo, har wasu wurare hannun Bombino ya zama ɗaya daga cikin baƙi a gidansa. A faifan Deran na 2018, wanda ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar kyautar Grammy, bargon ya ragu, yatsun suka sake bayyana, kuma a nan ne ya fi kama da kansa.

Na biyu shi ne Mdou Moctar, wato Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa da ya tashi a yankin Abalak. Gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da muryar inji irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma bazu daga salula zuwa salula kafin kowane kamfani ya san da shi. Shi ma bahago ne, da Stratocaster yake kiɗa, don haka ƴan jaridar Turai da Amurka ba su ɓata lokaci ba wajen laƙaba masa sunan Hendrix. Laƙabin yabo ne, amma yana rufe ido daga abin da ya fi muhimmanci.

A faifansa Afrique Victime na 2021, ƙugin gita yana da aiki. Waƙar da ta ba faifan suna tana farawa cikin natsuwa tana lissafa abin da ya samu nahiyar, tana ƙara sauri, har kalmomi su ƙare gita ta karɓi kuka. A nan kaushin amo ma'ana ne. Duk da ƙarfin ƙugin, ana jin gudun yatsu da tafiyar takamba a ƙarƙashi, domin kunne mai naɗi ɗaya bai haɗiye su ba. A faifan Funeral for Justice na 2024 kuwa, wuta ta fi yawa. Waƙar Imouhar, wadda ke kiran Abzinawa da su riƙe harshen Tamashek, tana farawa a hankali sannan ta fashe, fashewar kuma tana girgiza mai sauraro. Amma a wasu waƙoƙin faifan ƙarar tana danne baitin, abin da ke da nauyi ga mawaƙin da damuwarsa ita ce kada harshe ya ɓace. Amsar wannan suka ta fito daga ƙungiyar da kanta. A 2025 ta fitar da Tears of Injustice, inda ta sake rera waƙoƙin da gita marar kuran. An cire ƙugin, waƙoƙin suka tsaya da ƙafarsu, kuma duk wanda ya san hannun Mdou zai gane shi tun daga amon farko. Babu gwajin da ya fi wannan nuna inda murya take zaune.

Abin da ya kamata a auna

Wannan ba ya nufin canjin kunne aikin banza ne. Gitoci masu araha da ke cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram sukan zo da kunnuwan da naɗinsu bai ɗauru ba, suna ihu da zarar an ɗaga ampili, ga zufa da ƙurar hunturu suna cin wayarsu. Irin wannan kunne idan ya mutu sai canji. Amma kafin nan akwai gyaran da kowane mai gyaran rediyo zai iya. Ana ɗaga kunne ko a sauke shi da sukurori biyu, amo ya canza nan take. Idan ya matso tsirkiya da yawa maganaɗisu yana jan ta har ta yi ƙarya. Ana shimfiɗa takardar ƙarfe a cikin ramin gita a haɗa ta da wayar ƙasa, gurnani ya ragu. Ana tsoma kunne mai ihu cikin narkakken kakin kyandir, kamar yadda Eddie Van Halen ya yi wa nasa. Doguwar igiyar jona gita tana shan kaifi, gajera mai kyau tana mai da shi. A Stratocaster da yawa na zamani, haɗa kunnen tsakiya da na gefensa yana kashe gurnani ba tare da an sayi kome ba. Sababbin tsirkiyoyi da lasifikar da ba ta yage ba sun fi kunne mai tsada tasiri a filin biki.

Akwai kuma abin da ya wuce gyara. Kunnen Bahaushe bai taɓa ƙyamar kaushin amo ba. Maƙerin garaya da gangan yake ɗaura ɗan ƙarfe mai zobba a kan sanda don ya riƙa zuza, kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa gwangwani ne da tsirkiya ɗaya, ya kuma isar da saƙo inda manyan ƙungiyoyi ba su kai ba. Abin da masu rok suka gano da reza da ƙure ampili, makaɗan wannan yanki sun daɗe da shi a hannu. Ƙungiyar da ta samu ɗan tallafi za ta fi cin riba idan ta gyara gitoci biyar da kuɗin kunne biyu, ta kuma zaunar da yaranta gaban mai gurmi ko mai molo na garinsu su ga yadda yatsa ke tafiya. Alƙalin gasa kuma ya dace ya tambayi kansa ko wa yake ji: yaron da ke gabansa, ko wani Bature da ya yi zamaninsa shekara hamsin da suka wuce.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kunnen gita ba ya kuka, ji kawai yake yi ya miƙa. Idan an ba shi hannun da ya san abin da zai faɗa, na jika biyar ma zai isar. Idan babu wannan hannu, na jika ɗari zai bayyana rashinsa ne da babbar murya.